Shekarar da Na Ji Tsoron Nauyina

Na sha jin ku, ke Yagana da kai Habu, kuna gaya wa baƙi cewa korona ta kama mahaifinku a shekarar kulle, Allah ya sa da sauran kwanansa a gaba. Ban taɓa katse ku ba, domin labarin gajere ne, ga shi yana sa a dube ni da tausayi a miƙo mini kujera mai laushi. Amma tunda na zauna rubuta rayuwata, kuma na ƙarar da ƙuruciyata ina jan layi da jan biro a ƙarƙashin amsar da ba daidai ba, wannan ma ba zan bari ta wuce ba. Korona ba ta taɓa ni ba. Ko atishawar kirki ban yi ba a shekarar nan. Abin da ya mayar da ni ƙashi da fata wani abu ne daban, kuma bayan ni ba wanda ya san shi a dangi sai mahaifiyarku Falmata, wadda ta ji kuna ba da naku labarin ta yi shiru, don ta ga ya fi nawa mutunci.

Sai na fara da jikin kansa, saboda jikokina ba su san shi ba. Kakanninmu Fulani makiyaya ne, dogaye, sirara, irin mutanen da in suka jingina da sandarsu sai ka duba da kyau kafin ka gane wanne ne sandar. Mahaifina ne ya ajiye kiwo ya zauna a unguwar Mafoni yana dillancin shanu, ni kuma ni ne mutum na farko a zuriyarmu da ya yi tumbi. Tsohon ya yi alfahari da shi ƙwarai. In 'yan'uwansa suka zo daga daji suna yi masa gorin ya zama ɗan birni, aikawa kawai yake yi a kira ni in tsaya a gabansu, ba sai ya ƙara wata magana ba. Da na zama malamin labarin ƙasa, ɗalibai suka ce makaranta ta yi asara da ta sayi ƙwallon duniya, tunda ga Malam Buba. Na ji, na yi kamar ban ji ba, kuma ban ji haushi ba. A zamaninmu ƙiba shaida ce: cewa a gidanka ana ɗora tukunya, matarka ba ta gaba da kai, albashi yana isa ko da bai isa ba. Babbar riga tana zama a jikina kamar don ni aka ƙirƙiro ta. Na haura shekara sittin ban taɓa tsayawa gaban madubi na yi wa kaina wata tambaya ba, in ban da ko hula ta zauna.

Mutum ɗaya ne ya fi ni a duk unguwarmu ta Limanti, maƙwabcina Alhaji Bukar, Babarbare, mai sayar da wake da gero buhu-buhu. Kun san shi, shi ne yake ba ku alewa yana kiran ku 'ya'yan bawansa. Tun kafin a haife ku muke cin abincin rana tare a zaurena, yau daga gidana gobe daga gidansa, kuma ban tuna ranar da muka tashi ba tare da ya taɓa Fulani na taɓa Barebari ba. Masu keke in suka hango mu tare a bakin titi, sai su ƙara wuta suna kallon wani gefen.

"Fulata," yakan ce, yana suɗe yatsa, "shanun ubanka da ake cewa sun ɓata, ni na ga inda suka shiga."

"Kai kuma wakenka da kake cewa ƙwari sun cinye, ashe ƙwaron ɗaya ne, har da hularsa."

Da labarin cutar ya iso, dariya muka yi. Garin da ya kwana ya tashi cikin ƙarar bom shekara da shekaru, aka hana mu fita, aka hana hawa babur, muka binne ɗalibai da malamansu, shi ne za a tsorata da tari? Sai aka rufe gari, a nan na gane cewa shiru ma iri-iri ne. Shirun shekarun tashin hankali yana da abin saurare a cikinsa. Kana kasa kunne, in ka ji ƙara ka san daga wace unguwa ce, ka san inda ba za ka bi ba. Wannan kuwa babu komai a cikinsa. Da tsakar rana, a tsakiyar bazara, ka leƙa waje ka ga rana ta kwanta a kan rairayi fari fat, ba keke, ba mai talla, ba mai sallama, sai akuya ɗaya tsaye a tsakiyar kwalta tana tuƙa, kamar ita aka bar wa garin. Sannan dattawa suka fara tafiya. Waya ta yi ƙara, wane ya rasu. Kafin ka shafa addu'a ta sake yi. Ba a faɗin abin da ya kashe su. A ce zazzaɓi, a ce zafi, a ce ai ya manyanta, sai a yi shiru a kan layi, kowa yana sauraron numfashin ɗan'uwansa yana auna shi.

Alhaji Bukar ya rasu cikin azumi, bayan gajeriyar jinya da ba a bar ni na shiga na gan shi ba. To, ga abin da nake so ku fahimta, don a kansa komai ya rataya. A garin nan gawa ba ta da nauyi. Ba wai mamatanmu sun fi na wasu sauƙi ba ne, yadda muke ɗauka ne. Da an ɗaga makara jama'a ke rububinta. Ka sa kafaɗa ka yi 'yan taku, wani ya dafa ka ya karɓe ka, shi ma wani ya karɓe shi, kowa yana neman ladansa, har makarar ta zama kamar da kanta take tafiya a saman kawuna. Na ɗauki manya da ƙanana a rayuwata, ban taɓa sanin nauyin kowa ba. Ranar Alhaji Bukar babu mai karɓa. Mutumin da in ya yi walima sai an tare layi, 'yan tsiraru ne suka fito masa, su ma nesa-nesa da juna, hanci da baki a ɗaure, ana idar da salla suka zame. Mota ta ajiye mu a bakin maƙabarta, sababbin kaburbura kuwa suna can ƙarshe, don shekarun baya sun cinye na kusa. Muka ɗauka, ni da 'ya'yansa maza biyu da ladanin masallacinmu, wanda ya girme ni.

Ƙafa tana nutsewa cikin rairayi mai zafi, ƙarfen makara ya shige mini kafaɗa har na ji shi a haƙorina. Ba mu yi nisa ba ladan ya ce a sauke. Aka sauke, a ƙasa, a tsakanin kaburburan mutane. Tunda nake ban taɓa ganin an ajiye gawa a hanya don a huta ba. Muka tsaya a kansa muna haki da azumi a bakinmu, ba mai duban wani. Muka sake ɗauka, muka sake saukewa. A saukewar ƙarshe babban ɗansa, magidanci mai furfura a gemu, ya dafa gwiwa ya faɗi wata magana a cikin takunkuminsa, a hankali, ba don kowa ya ji ba.

"Wayyo Baba. Ka yi nauyi."

Kuka yake yi, ba ƙorafi ba. Na san haka a lokacin, na san haka yanzu. Amma maganar ta shiga kunnena ta nemi wuri ta zauna. Da muka isa kuma sai ga wata. Al'ada ce a auna mamaci da kara a aika wa masu haƙa, to kara tsawo kawai yake nunawa. A da wannan ba matsala ba ce, masu haƙan sun san kowa, in an ce Alhaji Bukar sun san abin da ake nufi. A lokacin kuwa aiki ya yi musu yawa, an ɗebo sababbin hannu da ba su taɓa ganin sa ba. Ramin ciki, inda ake kwantar da mutum, ya yi kaɗan. Aka saka shi ya ƙi shiga, aka fito da shi aka shimfiɗe a gefe cikin rana, mai haƙa ya sake sauka da diga. Na tsaya na buɗe babbar rigata ina yi wa abokina inuwa, ina kallon inda ƙasa ta ɓata masa likkafani a wajen kafaɗa. Mai haƙan ya ɗago yana share gumi, idonsa ya sauka a kaina. Ya dube ni daga wannan kafaɗa zuwa waccan, kallon tela, sannan ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa. Mai yiwuwa inuwar yake kallo. Mai yiwuwa bai ma gan ni ba. Na daɗe ina gaya wa kaina haka.

Na dawo gida na wuce wanka kai tsaye, kamar yadda aka ce a riƙa yi. Na tuɓe, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Kaya na gani. Jikin da na zauna a cikinsa duk rayuwata, na tsaya ina duban sa yadda ɗan dako yake duban buhun da za a ɗora masa. Wannan cinyar wa zai ɗaga? Wannan cikin ta ina za a juya shi a wanke baya? Na kama naman damtsena na ja na saki, ya yi rawa ya tsaya, kamar na wani. Kai Habu kana Legas an rufe hanya. Ladan na ga iyakarsa. Na bi mazan layinmu ɗaya bayan ɗaya a raina, na cire matsorata, na cire masu ciwon baya, waɗanda suka rage ba za su kai ni rabin rairayin nan ba. Ku gane, ba mutuwar ce ta tsaya mini a rai ba, wannan na daɗe da sallamawa. Saukewar ce. A ajiye ni a ƙasa a tsaya a kaina ana haki, ɗana ya dafa gwiwa.

Malamin makaranta in ya ga matsala, hanya mai tsari yake nema mata. Azumi ya rufa mini asiri da farko. In an sha ruwa in kurɓi kunu in ce zafi ya kashe mini ci, sahur in taɓa in ture. Aka yi salla na ɗora Sitta Shawwal, Falmata ta yaba. Na ɗora Litinin da Alhamis, ta ce Allah ya karɓa. Na koma yau azumi gobe hutu, ranar hutun ma abin da aka kawo mini zaure ba cikina yake shiga ba. Tuwon nakan miƙa wa wata tsohuwa 'yar gudun hijira da ke wucewa ta ƙofarmu, naman kuma na kyanwar gidan Alhaji Bukar ne. Kyanwar nan tun rasuwarsa ta ɗauki wata ɗabi'a: daidai lokacin abincin rana za ta shigo zaure ta hau buzun da yake zama, ta naɗe ƙafa, ta zuba mini ido ba ƙiftawa. Ban taɓa korar ta ba, kuma ban taɓa iya haɗa ido da ita na daɗe ba. Ta yi ƙiba ta yi sheƙi. Unguwa kuwa ta ce Malam Buba ya kama Allah tun da abokinsa ya tafi. Wa zai iya ce wa dattijo ya rage ibada a shekarar da ake ta mutuwa? Mutum ɗaya ce.

"Malam, wannan azumin ramuwar shekara nawa ne? Ni dai tun ina amarya ban san ka sha ko ɗaya ba."

"Nafila ce."

"Nafila. Jiya wandonka ya sauka a tsakar gida, kaji sun gani, ni ma na gani."

"Mazagin ne ya saki."

"Mazagin nan ni na zura shi."

"To zafi ne, Falmata."

"Zafin tare muke shan sa."

Abin da zai yi muku wuyar yarda shi ne, ba ƙarya nake yi mata ba gaba ɗaya. Ni ban ga ramar ba. Wando ya yi yawa na ce yadi ne ya buɗe. Zobe ya zame na ce sabulu ne. Ƙofar banɗaki da na saba shiga a karkace, a karkace na ci gaba da shiga, ina tsuke ciki. Yagana, za ki tuna kiran bidiyon da kike yi mana ranar Juma'a. Kina magana, ni ba ke nake kallo ba, ɗan akwatin nan na kusurwar waya nake kallo, inda wani tsoho mai kumatu da haɓa biyu yake kallona. Kina cewa Baba ka rame, Baba me ke damun ka, ni kuwa ina ganin haɓar nan tana nan daram, ina cewa a raina yarinyar nan tana so ta faranta mini ne. Daga baya na daina karɓar wayar, na ce haskenta yana damun idona. Madubin ɗakina na juya shi ya kalli bango, kuma ba don ina ganin ramamme ba. Mai ƙibar nake gani kullum. Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai mahaifiyarku: a tsaye nake dubawa, amma shi a kwance nake ganin sa, a kan gefensa na dama, fuskarsa gabas.

Da aka sassauta kulle, Falmata ta kora ni Kasuwar Kwastam in sayo yadi a ɗinka mini abin da zai zauna a jikina. Ta ce ta gaji da ganin rigunana suna yawo a gida ba kowa a ciki. Na ɗaura takunkumi na fita, na ɗaga wa mai keke hannu, ya tsaya nan take, abin da ya ba ni mamaki. Na shiga na zauna a tsakiya na baje yadda na saba.

"Baba, matsa gefe mana, akwai masu shiga."

Na matsa, ina jira ya gane kuskurensa. Mutum biyu suka shiga, ba wanda ya goge ni.

Na nufi rumfar Modu mai yadi, wanda na fi shekara ashirin ina saya a wurinsa. Na yi sallama, ya amsa da gaisuwar Barebari, irin amsar da ake yi wa baƙo.

"Wushe, Baba. Me za a ba ka?"

Na ce bari in tsokane shi. Na ce yadi nake so, irin wanda Malam Buba na Limanti yake saya. Ya ajiye almakashi.

"Allah sarki. Ashe ka san shi? Allah ya jiƙansa da rahama."

Na yi zaton dariya zan yi. Sai na ji bakina ya ce amin.

Ba laifinsu ba ne. An ji cewa ƙaton nan na Limanti ya rasu, ba a je jana'iza ba balle a tantance wanne, watanni suka wuce ba a ga ko ɗayanmu ba, sai kasuwa ta yanke hukunci mafi adalci, ta kashe mu duka. Maƙwabcinsa mai huluna ya leƙo daga rumfarsa.

"Ai bin abokinsa ya yi. Dama ba sa rabuwa."

"Ni na ji an ce nasa ya fi wuya," in ji Modu. "Sai da aka fasa ƙofar ɗaki kafin a fito da shi."

"Kai dai bari. Wai makarar ce ma ta lanƙwashe."

"Mutumin kirki, wallahi."

"Ya koyar da ni. Har yau ban san inda kogunan nan nasa suke ba, amma in ya yi dariya sai allo ya girgiza."

"Ni nake da babban rashi. Shi kaɗai bandir guda yake tashi da shi."

Mai cikakken hankali da ya sauke takunkumi ya bar su su watse a guje, a yi shekara ana ba da labari. Ni ban sauke ba. Na tsaya a cikin rumfar nan ina jin ana yi mini addu'a, iska tana kaɗa yaduka a kaina, kuma daga duk abin da suka faɗa, ba mutumin kirki na ɗauka ba, ba dariyar ba. Ƙofar da aka fasa na ɗauka. Na ce ashe kowa ya sani, ashe garin nan gaba ɗaya ya daɗe yana kallona yana lissafi. Na ce wa Modu zan dawo. Na koma gida ba yadi, na tsaya a ƙofar ɗakina ina shafa katakonta da hannu, daga ranar kuma na rage ɗan abin da nake sha da magariba.

Damina ta sauka lokacin da abin ya kai ƙarshe. Wata Alhamis ce, ina da azumi, na tsuguna a tsakar gida zan yi alwalar azahar. Na sunkuya in ɗauki buta, sai ƙasa ta taso ta same ni. Na kwanta a gefe, kumatuna a kan jiƙaƙƙen rairayi, ina ganin ƙafafun kaza suna kai da komo, ina jin komai amma ko yatsa na kasa motsawa. Ba kowa a gidan sai Falmata, kun kuwa san ta, laffayarta ta kusa fin ta nauyi. Ta fito daga madafa tana kiran Malam, Malam, ta yi salati, ta ruga ƙofar gida ta ƙwala kira. Layi ba kowa, maza duk sun tafi masallaci. Ta dawo ta durƙusa, ta zura hannu ɗaya ƙarƙashin wuyana ɗaya ƙarƙashin gwiwoyina. Ina jin ta ta ja numfashi ta tattara duk ƙarfinta, don mijin da ta sani take shirin ɗagawa. Ta yi bismilla ta yunƙura. Saura kaɗan ta faɗi ta baya, saboda yadda na taso mata ba gardama. Ta tsaya cak da ni a hannu kamar wadda ta ɗauki abin da ba nata ba. Sannan ta wuce da ni ɗaki, ba ta sauke ni a hanya ba.

Zan faɗa muku abin da na ji, tunda gaskiya na zauna rubutawa. Daɗi na ji. Irin daɗin ɗalibin da ya ga sunansa a cikin waɗanda suka ci jarrabawa. Ta kwantar da ni, ta jiƙa sukari ta ɗura mini ba tare da ta nemi izinin azumina ba, ta riƙa yi mini fifita har harshena ya dawo.

"Ke kaɗai kika ɗauke ni?"

"Da wa zan ɗauke ka?"

"Ba ki huta ba?"

Mafificin ya tsaya. Ta matso ta dubi fuskata.

"Malam, murmushin me kake yi?"

Sai na gaya mata. Rairayin, da ladan, da maganar ɗan Alhaji Bukar, da mai haƙa, da mutumin cikin madubi, da ƙofar da aka fasa a kasuwa. Ta zauna a ƙasa ta saurara har ƙarshe, ba ta yi kuka ba, ba ta ce aljanu ba ne, abin da na fi tsoro ke nan.

"Wato," ta ce, "tausayin kafaɗar ladan kake ji."

"Ba ki ga abin da na gani ba."

"Ban gani ba, mata ba sa zuwa. Mu namu har gida ake kawo mana. Su ɗaukar da za su yi maka, daga bakin maƙabarta zuwa rami, ko shayi bai gama dahuwa ba sun gama. Ni kuma wata huɗu da kwana goma a ɗakin nan, sannan duk abin da ya rage bayansu. Ni wa zai dafa ni ya karɓe ni?"

 

"Su sauke ka sau goma in sun ga dama," ta ce tana miƙewa. "Su zauna su sha iska. Mun je bikinsu, mun je sunansu."

Ta fita, na ji ta tana hura wuta. Can sai ga ta da tire, burabusko da miyar yakuwa, ta ajiye a tsakiyar ɗaki, ta zauna a ɗaya gefen tana fuskanta ta. Ku da kuka taso a wani zamani ba za ku ga abin mamaki a nan ba. Tunda aka ɗaura mana aure ban taɓa ganin mahaifiyarku tana cin abinci a gabana ba, ni a zaure da maza, ita a ciki. Ta wanke hannu ta ɗora shi a kan gwiwa.

"Loma ɗaya kai, loma ɗaya ni. In ka tsaya na tsaya."

"Falmata, kina da ciwon suga. Maganinki sai da abinci."

"Ashe ka sani."

Na ɗauka barazana ce irin ta mata da miji, wadda ake yi da rana a manta da yamma. Na yi 'yan lomomi na janye hannu. Ta janye nata, ta rufe kwano. Da magariba haka. Da safe na kurɓi kunu na ajiye, ta kurɓa ta ajiye, daidai inda na tsaya, har tana leƙa kofina ta gwada da nata. Wajen azahar ina kwance na ji dakan da take yi ya fara rarrabewa, bugu ɗaya, shiru, bugu ɗaya, sannan ya tsaya. Da ta shigo da tire kwanukan suna ƙara da kansu saboda rawar hannunta. Leɓenta ya yi fari, gumi yana tsattsafo mata a goshi alhali garin a lumshe yake da hadari. Ta zauna, ta wanke hannu, ta ɗora shi a gwiwa, yana ta rawa a wurin kamar wani abu mai rai daban.  Kallona kawai take yi.

Na ci. Kada ku yi zaton daɗi na ji, ko wani haske ya sauko mini. Kamar rairayi nake taunawa, kowace loma in ta wuce sai in ji ta sauka a kafaɗar wani. Amma duk wadda na haɗiye sai in ga hannunta ya tashi ya shiga kwano, sai na sake kai nawa. Muka yi ta yi, ruwa ya kece a kan kwanon rufi. Na so in tsaya ta ce ita ba ta ƙoshi ba. Ranar na gano cewa matar nan da na aura, 'yar mitsitsiya da ita, ci gare ta na ban tsoro, shekara da shekaru ana ɓoye mini.

Daga baya ta kai ni asibiti. Aka ɗebi jini aka duba ba a sami komai ba, wata likita ta zauna ta saurare ni, ta ce damuwa ce, kuma ba ni kaɗai ba ne a shekarar nan, wasu ci suka kama yi, wasu suka daina, kowa da inda tsoronsa ya sami masauki a jikinsa. Na riƙa komawa wurinta muna magana, ya kuma taimaka. Jikin ya dawo rabi, ya tsaya a nan, shi ne wanda jikokina suka sani. Idon kuwa bai koma yadda yake ba gaba ɗaya. Har yau akwai ranar da nake tashi in ji na cika ɗaki, in ga mutumin nan a kwance ko ban je kusa da madubi ba. A irin ranar in an kawo tire sai in yi ta jinkiri, in gyara hula, in tambayi farashin gero, in ce a duba ko an rufe ƙofa.  Falmata kuwa takan wanke hannu ta ɗora a gwiwa, ƙwayar maganinta tana ajiye a gefen kwano, ta jira.

Sai in ce bismilla.